An samu ƙwayar cuta mai jure magani (mai NDM) a hanjin majinyaci, su wa za a bi a gwada?

Sista_Jinya: Assalamu alaikum. Idan gwaji ya nuna majinyaci a ɗaki mai gadaje da yawa yana ɗauke da ƙwayar bakteriya ta Klebsiella mai NDM (sinadarin da ke sa ta jure magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi) a hanjinsa, amma ba zazzaɓi ba komai, su wa za a gwada? Kuma ana ba shi maganin da zai kawar da ita?

Mai_Gwaji: Wa alaikumus salam, Sista. A gwada duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko suka haɗa banɗaki. Cikin sababbin shigowa kuma, a gwada wanda aka kwantar a wani asibiti cikin wata 12 da suka wuce, da masu wankin ƙoda. Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar samfur. Tsinken auduga ya shiga dubura har a ga alamar bahaya a jikinsa. Idan ya iso lab fari tas, sakamakon "babu" ba abin dogaro ba ne. Shuka samfurin a faranti don ƙwayar ta tsiro na ɗaukar awa 18 zuwa 24. PCR, gwajin da ke duba ƙwayoyin halittar bakteriyar (DNA), kan fito cikin kamar awa ɗaya, amma sinadaran jure magani iri biyar ya saba nema: KPC, NDM, VIM, IMP da OXA-48. A yi hattara da OXA-48, tana iya ɓuya a wasu farantan domin jurewarta ga maganin kashe ƙwayoyin cuta na meropenem ba ta da ƙarfi. Wanda bai daɗe da haɗuwa da majinyacin ba, a sake gwada shi bayan mako guda.

Likitan_Ciki: Kada a ba shi komai, Sista. Ɗauke da ƙwayar daban, ciwo daban. Maganin colistin na sha da wasu ke bayarwa danne ta kawai yake yi, ta dawo, wani lokaci ma ta dawo tana jure masa. Tana iya zama a hanji watanni, har fiye da shekara. A ware shi da banɗakinsa, safar hannu da rigar kariya, na'urar awon jini tasa shi kaɗai. A cire robar fitsari da zarar ba a buƙatarta, don ta nan ƙwayar ke samun hanya. A rubuta a fayil ɗinsa, a sanar da asibitin da za a mai da shi.

Mai_Tsafta: Ku duba wurin wanke hannu. Idan ana zuba ruwan wankan majinyaci ko ragowar ruwan ƙarin jiki a ciki, ƙwayar na kafa sansani a bututun, fantsamar ruwa ta dawo da ita kan kayan aiki. Kada a ajiye kayan allura kusa da shi. A goge ƙarfen gado da banɗaki da bilic mai ƙarfin 0.1%. A gida ba sai an ware shi ba, sabulu bayan bahaya da kafin cin abinci ya wadatar.