Tawada da Kukan Dare: Musayar Baituka

Mai Tawada:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Rabona da in nuna muku shafi ko ɗaya na littafin labarin zane yau shekara uku ke nan. Jiya na buɗe kwalbar tawada na tarar ta daskare kamar kwalta. Ga abin da ya zo mini, amsa-amona "ba". Wanda ya ji zai iya, bismillah.

Shekara uku alƙalamina na kwance,
Tebur ya yi ƙura, fitila a mace,
Na ce na bari, zuciya kuwa ta ce:
"Ƙarya kike, ba ki bari ba."

Shafi 120 na zauna na zana,
Dare da rana, har da ciwon idona,
Rumbun kwamfuta ya mutu a hannuna,
Ban kwafe su a wani wuri ba.

Abin da ya tsira na kan takarda ne,
Shafi 24, ragowar zane,
Na kai wa mai ɗab'i, ashe tarko ne,
Bai yi mini aikin kirki ba.

Ya yanke gefe har da bakin gwarzona,
Rabin magana ta tafi ta bar zanena,
Jan da na zaɓa ya fito kamar ƙuna,
Kwafi 200, ban sai da goma ba.

Abokin aikin da ke rubuta labari
Ya samu albashi, ya yi gaba da wuri,
Ban riƙe shi ba, yunwa ba ta haƙuri,
Amma ko sallama bai yi ba.

Sai ga 'yata, wata biyu yau da zuwa,
Bayan awa biyu ko uku ta yi kuwwa,
Babban yatsana ya kumbura da ɗagawa,
Buroshi ma bai riƙu ba.

Jiya ƙarfe uku, tana kan kafaɗata,
Na ja fensir a bayan takardar maganinta,
Na zana kunnenta, na zana kumatunta,
Hannun ashe bai mance ba.

To ku faɗa mini, ku da kuka san hanya,
In tono tsohon da ya faɗa rijiya?
Ko in soma sabo, ƙarami, ba hayaniya?
Ni har yau ban yanke ba.

Dattijon Fensir:

Wa alaikumus salam. Lale da 'yata. Zan riƙe amsa-amonki, don ba a zuwa gidan mutum a sauya masa shimfiɗa.

'Yata barka, Allah shi raya jaririya,
Shi sauke kumburin yatsa, shi ba ki lafiya,
Amma batun ki bar tsohon a rijiya,
Ni wannan ban yarda ba.

Abin da ya mutu ƙarfe ne da waya,
Labarin yana kanki, can ya yi ɓuya,
Hannun da ya zana sau ɗaya ya san hanya,
Na biyun ba zai yi wuya ba.

Ki dubi Art Spiegelman mai littafin Maus na zanen ɓeraye,
Da ya ba da labarin uƙubar iyaye,
Shekara 13 yana kan aikin a tsaye,
Bai ce ya gaji ya bari ba.

Kashin farko a 1986 ya shiga kasuwa,
Shekara na zagayowa aka yi masa haihuwa,
Na biyu sai 1991 ya samu fitowa,
A 1992 kyautar Pulitzer ba ta tsallake shi ba.

Babban aiki ba ya son rawar ƙafa,
Ki ɗauki shafi na ɗaya ki sake kafa,
Sannu ba ta hana zuwa, ki riƙe wannan fa,
Sai dai a daɗe ba a je ba.

Autar Zaure:

Baba, ni fa "ba" ɗin nan ta ishe ni, zan sauya shimfiɗar. A yafe wa ƙaramar bakinku.

Baba a yi mini afuwa, ina da tambaya,
Kai da ka ɗauko misali daga wata nahiya:

Daren da jaririyar ta tashi da hayaniya,
Wa ke ajiye aiki ya tashi? Faɗi gaskiya.

Matarsa Françoise Mouly ta san ɗab'i, ta iya,
Inji a gida, mujallar Raw tasu ce gaba ɗaya.

Yayarmu ita ce mai zane, ita ce marubuciya,
Ita ce mai talla, ita ce mai shayar da jaririya.

Shafi 120 a kan gutsuren barci, kai da wuya,
Ka ce ta haƙa sabuwa don ta ciro tsohuwar rijiya?

Yaya, wancan kunnen da kika zana jiya,
Shi nake son gani, ba jarumi mai bulaliya.

Ki ba mu ƙarfe ukun dare, fitila guda ɗaya,
Da mace tana zane da hagu, dama na riƙe da ɗiya.

Mai Injin Ɗab'i:

An ambaci sana'ata, ba kuma da alheri ba, don haka shiru bai kama ni ba. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri da baitukana, hannuna ya fi sabawa da wuƙar yanka takarda.

An taɓa sana'ata, dole in tanka,
Ba na kare wanda ya yi miki mugun yanka,
Ya kamata ya duba kafin aikin ya ɗauka,
Shirun da ya yi laifi ne.

Amma wuƙar takarda ba ta da ido,
Takan kauce ko a hannun mai gado,
Ki bar mata rabonta kamar ana ba dodo,
Milimita 3 kowane gefe ne.

Zane ya zarce layin yanka ya fita,
Magana kuwa ki ja ta ciki ki killace ta,
In balan-balan ɗin zance na baki, an ci ta,
Abin da ya sami gwarzonki ne.

Allo da haske yake haɗa launinsa,
Ja da kore da shuɗi ne jarinsa,
Inji kuwa tawada huɗu ce abincinsa,
Jan allo a takarda dusasshe ne.

Kafin a buga ɗari, ki ce a buga ɗaya,
Ki riƙe shi a hannu, ki duba gaba da baya,
In mai ɗab'i ya ƙi, ki ɗau jaka ki juya,
Wanda ya ƙi gwaji abin gudu ne.

Takarda in an ninka, shafi huɗu take ba ki,
Takwas, sha biyu, sha shida, haka ake aiki,
In kin kawo goma, biyu za su zauna fari saki,
Kuɗinsu kuma a wuyanki ne.

Ƙarin bayani a zube, don lissafi ya ƙi shiga baiti: kada ki raina baƙi da fari. A 1984 Kevin Eastman da Peter Laird a Amurka suka buga fitowar farko ta labarin zanensu na kunkuraye mayaƙa (Ninja Turtles) da kansu, kimanin kwafi 3,000, shafukan ciki ba launi ko ɗigo, da kuɗin harajin da aka mayar wa ɗayansu da rance daga kawunsa. Batun rumbu kuma, duk fayil ɗin da ke wuri ɗaya ki ɗauka babu shi. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet.

Uban Tagwaye:

Yaya Mai Tawada, sannu da fama. Ni biyu aka ba ni lokaci guda. Kafin Auta ta harbe ni, na faɗa da bakina: uwarsu ta fi ni tashi nesa ba kusa ba.

Sati takwas ban ja layi ko guda ba,
Ban ji kunyar faɗa ba, ban ɓoye ba,
In na zauna, barci bai bar ni na ga rula ba,
Goshina kan sauka kan tebur tun farkon dare.

Ran da na koma, na buɗe kwalbar tawadata,
Ɗaya ya motsa, na zabura, gwiwar hannu ta ture ta,
Shafin kwana huɗu ya sha, har da rigata,
Ya koma baƙi ƙirin kamar tsakar dare.

Tun ran nan na koma alƙalami mai murfi,
Wanda in ka ji kuka ka rufe shi da ƙarfi,
Layinsa bai da rai, bai da zurfi,
Amma ba ya zubewa ko ka yar a duhun dare.

Na yanka kati-kati daidai tafin hannu,
Akwatin hoto ɗaya, kati ɗaya, sannu-sannu,
In shida sun taru in jera, shafi ya ginu,
Minti ashirin nake sata a kowane dare.

Katin ma ya koya mini abin da ban sani ba,
In akwati biyu sun isa, ban ƙara na uku ba,
Tazarar da ke tsakaninsu ba fanko ce ba,
Mai karatu ke cike ta, ni in samu barcin dare.

Wata rana na ɗaga kati a gaban fuskarsa,
Tazarar taƙi guda, iyakar ganinsa,
Baƙi da fari ke fara kama idonsa,
Ya ƙura wa zanen ido, ya bar kukan dare.

Ɗan'uwansa kuwa ya kai hannu ya damƙe,
Ya kai baki, ya jiƙa shi, ya murƙushe, ya riƙe,
Masu karatu biyu, ɗaya ya yaba, ɗaya ya yanke,
Na sake zana shi daga farko a wani dare.

Batun yatsa kuma ba na waƙa ba ne. Jijiyar gindin babban yatsa ce ke kumbura saboda yawan ɗaga jariri ta hammata da yatsa a buɗe. Ki riƙa tallabo ta da tafin hannu daga ƙasa, ki kuma nuna wa likita kafin ki matsa wa hannun da buroshi.

Dattijon Fensir:

Na karanta na Auta sau uku. Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa.

Auta kin harbe ni inda ba na tsammani,
Na haifi huɗu, ina zane a wancan zamani,
Ƙofa a rufe, ba mai ƙwanƙwasa mini,
Ban taɓa tambayar wa ya tashi ba.

Kuma ko mutumin da na kawo misalinsa,
Babi-babi ya riƙa sakin labarinsa,
Ɗan ƙaramin littafi maƙale a mujallarsa,
Bai sauke shi a rana ɗaya ba.

Na janye 120, na sassauta,
Amma takardun da suka tsira, 'yata,
Ki sa su a leda nesa da hannun jikata,
Ranarsu ba ta wuce ba.

Autar Zaure:

Baba ya sauko, a rubuta ranar a tarihi,
Ni kuma na rusuna, kar a ce na yi laifi.

Na san "tarihi" da "laifi" ba su haɗu sosai ba. A bar ni haka, murna ce.

Mai Tawada:

Na yi kwana biyu ban amsa ba, zazzaɓin rigakafi ne ya hana mu sakat. Ta warware, alhamdu lillahi.

Na gode Baba, na gode Auta,
Mai inji, milimita ukunka na rubuta,
Uban tagwaye, dabarar katinka na sace ta,
Kuma ba zan mayar ba.

Laifin yankan ma na raba shi gida biyu,
Shi bai yi magana ba, ni ban bar gefe ba, ya yiwu,
Shekara uku ina tsine masa, yau na ji sanyi-sanyu,
Amma wurinsa ba zan koma ba.

Shafi takwas, takarda biyu a ninke,
Baƙi da fari, ƙusa biyu a tsakiya a ɗinke,
Kwafi 50, in sun ƙare a sake,
Ba zan ƙara cika ɗaki da kwali ba.

Na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado,
Na ciro gwarzona mai rabin baki da ido,
Yana cewa "Zan da", sauran an ba dodo,
"Zan dawo" ne bai ƙarasa ba.

Shi zan sa a sabon, a haka, da yankansa,
Yana jijjiga jaririya a kafaɗarsa,
Takobi a jingine, tsumman goge baki a hannunsa,
Ba a taɓa barinsa ya gama zance ba.

Duk sanda ya buɗe baki zai yi kirari,
Kuka ya tashi daga akwati na gaba da sauri,
Baba ka ga tsohon bai tafi ba, ya sauya wuri,
Auta kuma ba ki rasa ƙarfe ukunki ba.

Kati uku sun bushe, na huɗu na kan fensir,
Hannun gwarzon ya ƙi zama, kilina ta ci shi tir,
Yatsa na ɗaure, likita ya ce a huta ƙir,
Ni dai rabin maganarsa ban ji ba.

Mai Injin Ɗab'i:

In za ki ɗauki katunan a sikana, ki sa 600 dpi (wato ɗigo 600 a kowane inci), baƙi zalla, kada ki bar shi a toka-toka, in ba haka ba layin zai fito da ɗigo-ɗigo. Kuma ki lura, in an ninka takarda, shafi na 8 da na 1 ne ke zama gefe da gefe, na 2 da na 7 a bayansu.

Autar Zaure:

Yaya ki huta da yatsa kamar yadda aka ce,
Ninki da ƙusa na kwafi hamsin hidimata ce.

Sharaɗina guda: na farkon da aka yanke,
Ko ya karkace, ni zan riƙe.