Neman shawara: yaya zan auna ƙarfin rigakafin korona da jinin masu ba da gudummawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗaliba ce ni a fannin kimiyyar ɗakin gwaji, ina shekarar ƙarshe. Malamin da ke duba aikina ya ce in bincika ko allurar rigakafin korona ta hana masu ba da jini kamuwa da cutar. Akwai samfuran jini na 2021 da 2022 a ajiye a bankin jinin wani asibiti, an kuma yarda in yi aiki da su. Abin da ya ɗaure mini kai, da wanda aka yi wa allura da wanda ya kamu duk jininsu zai nuna garkuwa. Ta ina zan raba su? Don Allah a taimaka, lokaci ya ƙure mini.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙwayar cutar tana da furotin S, wato ƙahonnin da ke bayanta, da furotin N da ke can ciki. Allurar AstraZeneca, wadda ta fara isowa Najeriya a watan Maris na 2021, da Pfizer da Moderna da Johnson & Johnson duk S kaɗai suke nuna wa jiki. Saboda haka in kin ga garkuwar N, mai jinin ya taɓa kamuwa. Da gwajin N ɗin hukumomin lafiya a Ingila da Amurka suka riƙa bibiyar jinin masu bayarwa. Sai dai ki kula da alluran Sinopharm da Sinovac, cikakkiyar ƙwaya ce aka kashe, suna iya haifar da garkuwar N ba tare da cuta ba. An yi Sinopharm a Nijar, don haka sai kin san irin allurar da kowa ya karɓa.

Wata malamar lafiyar al'umma: Maganarsa daidai ce, amma 'yata, jini ɗaya ba zai amsa tambayar malaminki ba. In kin sami N a jinin wanda aka yi wa allura, kafin allurar ya kamu ko bayanta? Samfurin ba zai gaya miki ba. Masu dawowa su sake ba da jini kike buƙata, waɗanda jininsu na farko babu N, sannan ki duba na biyu. A ƙaddara cikin mutum 100 marasa allura 20 sun koma masu N, cikin 100 masu allura kuma 8. Ki raba 8 da 20, 0.4 ke nan, ki cire daga 1, kariyar ta zama kashi 60 cikin 100.

Ko a nan ma akwai tarko. A gwajin Moderna, cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu, kusan kashi 40 na masu allura ne suka nuna N, marasa allura kuwa kashi 93. Kin ga wasu masu allurar za su kamu su ɓace miki, sai allurar ta fito da ƙarfin da ya wuce nata. Kuma kada ki cakuɗa samfuran kafin Nuwamban 2021 da na bayan ɓullar nau'in korona na Omicron, domin kariya daga kamuwa ta ragu sosai a lokacin.

Wani mai aiki a bankin jini: Yar'uwa, je ki buɗe rajistar tukuna. A nan yawanci dangin mara lafiya ne ke ba da leda ɗaya su tafi, galibi samari maza masu ƙoshin lafiya. Masu dawowa ba su da yawa, kuma ba lallai an rubuta wa aka yi wa allura ba. Sannan jinin masu bayarwa na iya ruɗar da mutum, ki tuna Manaus ta Brazil: daga jinin masu bayarwa aka ƙiyasta kashi 76 na mutanen birnin sun kamu zuwa Oktoban 2020, amma a Janairun 2021 cutar ta dawo ta cika asibitoci. In masu dawowar ba su kai ba, ki roƙi malaminki a mayar da aikin kan yawan masu garkuwar S da N kawai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan ƙirga masu dawowa a rajistar kafin in ga malam. Hajiya, in babu bayanin allura a rubuce, ya halatta in kira su ta waya, ko sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sake ba ni izini?