Shan mai a baburan tsere: abin da mahaya suka tsayar

Da mahaya da makanikai suka tattauna abin da ke sa baburan tsere shan mai da yawa, kusan kowa ya ɗora laifin a kan hannun mahayi. Murɗa totur da ƙarfi da daɗewa a ƙaramar giya su ne ke zuƙe tanki, ko babur ɗin Yamaha R6 ne ko Kawasaki Ninja. Gudu ma haka: in ka ninka shi, turjiyar iska ninki huɗu take yi, shi ya sa kwanciya bayan gilashin gaban babur ke taimakawa. Makanikai suka ƙara da iskar taya, man sarƙa, fulogi da matatar iska, wadda ƙura ke saurin toshewa. Sauya salansa kuwa, ra'ayi ya rabu. Ni dai ƙara kawai nake ji.