Sabuwar nas ce ni, aikin nan na neman fin ƙarfina

Sabuwar Nas: Salam 'yan uwa. Wata huɗu da fara aiki wallahi na gaji, dutin dare ni kaɗai a wod saboda manyanmu sun tafi Ingila, in na tashi ga goslon Legas daga Oshodi har Agege, na isa gida barci ya ƙi zuwa. Jiya wani yaro ya rasu a hannuna, banɗaki na shiga na yi ta kuka. Haka kowa ya fara?

Anti Mile 12: Ƙanwata sannu, ni ma shekarar farko na sha kuka. Ki samu babbar sista guda ki riƙa amayar mata da cikinki, kar ki bar shi yana cin ki.

Ɗan Idi-Araba: In rashin barcin ya wuce sati biyu don Allah ki ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ba sai wanda ya zauce ba.

Sabuwar Nas: Na gode, gobe zan samu metiron, shugabar nas-nas ɗinmu.