Lambobin QR na ɗalibai ɗari shida daga Excel: wa ya taɓa yi?

Malamin jarrabawa, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shugabar makarantarmu ta ce zangon nan kowane ɗalibi sai an yi masa katin shaida mai lambar QR a baya, yadda maigadi zai ɗora waya a bakin ƙofa ya ga sunan yaro da ajinsa. Sunayen duk suna cikin Excel, yara sun haura ɗari shida. Na gwada wani shafi da ke yi guda-guda, ban gama aji ɗaya ba idona ya fara ruwa. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a dunƙule, don Allah ya taimaka.

Mai shagon buga katuna, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka je wani shafi ba. Word ɗin da ke kwamfutarka, in dai daga na 2013 ne zuwa sama, yana yi da kansa kuma ba ya cin data. Ka haɗa shi da fayil ɗin Excel ta Mailings kamar mai buga wasiƙun gayyata, ka danna Ctrl da F9, a cikin bakan da ya fito ka rubuta MERGEBARCODE, sai sunan layin da bayanin yake, sai QR. Kada ka buga bakan nan da hannu, ba zai ci ba.

Amma ni abin da ya fi ba ni ciwon kai a shago shi ne fayil ɗin da ake kawo mini. Excel yana haɗiye sifirin farko, 080 ta koma 80. In kuma an sa 234 a gaba lambar ta yi tsawo, sai ka ga 2.35E+12, a haka za ta shiga CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da ake fitarwa daga Excel, in ba a lura ba. Wani ya taɓa kawo mini jerin mahalarta taro, muka buga, muka yanke, sai a ƙofar zaure aka gane rabin mutanen lamba iri ɗaya gare su. Tun daga ranar sai na mayar da layin lambobi Text kafin a zuba komai a ciki.

Hajiya mai humra da turaren wuta, Kaduna:
Malam, ni dai gargaɗi zan yi. Ina da dillalai a garuruwa, sai na ce kowace a liƙa mata tata lambar a jikin kwalba, mai saye ya ɗora waya ta kai shi WhatsApp ɗinta kai tsaye. Ƙanina ya ɗora jerin a wani shafi da ya ce kyauta ne, cikin minti kaɗan ya ba mu duka, har da ado. Muka buga sitika, kaya suka tafi har Gombe. Bayan 'yan makonni sai kira ya fara shigowa, wai lambar tana kai mutane wani shafi da ke neman a biya kuɗin wata. Ashe abin da ke cikin lambar adireshinsu ne, daga can suke tura mutum wurinmu, gwajin kyauta na ƙarewa suka rufe ƙofa. Kwalba kuwa ta riga ta shiga ɗakin amarya, ina zan bi in ɓamɓare? Yanzu kafin in biya kuɗin bugu sai na ɗora waya na ga wa.me, wato adireshin WhatsApp, da lambar dillaliyar da idona.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Bauci:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ga mai amfani da Google Sheets, in bayanin ya fara daga akwatin A2, a akwatin B2 ya sa:
=IMAGE("https://quickchart.io/qr?text="&ENCODEURL(A2))
sai ya ja ƙasa, duk layukan su cika. Kada a bar ENCODEURL, don idan rubutun yana da & ko #, daga nan zai guntule. Tsofaffin bidiyoyin YouTube suna koyar da adireshin chart.googleapis.com, wannan ya daina aiki. Da wannan na yi wa ƙungiyarmu katunan zaɓe, sai dai hotunan a cikin jadawalin suke zaune, fitar da su ɗaya-ɗaya a matsayin fayil wani aiki ne daban.

Ga naka aikin kam, Malam, ban ba ka shawarar wannan ba. Duk abin da ke A2 sai ya tafi kwamfutar wasu kafin hoton ya dawo, nan kuwa sunayen yara ne, ga dokar kare bayanai ta 2023. Hanyar Word ta fi. Sannan a sanar da Shugaba cewa QR ba hatimi ba ne, duk yaron da ke da waya zai iya haɗa mai ɗauke da sunan da ya ga dama. A sa hoton yaro a gaban katin, maigadi ya riƙa duban fuska.

Sakataren ƙungiyar manoma, Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Mu katunan rabon taki muka yi, abu biyu suka same mu. Excel ɗinmu na Faransanci ne, shi kuma CSV ɗinsa da alamar ; yake raba bayani, manhajar da muka ɗora wa tana jiran waƙafi, sai ta dunƙule suna da ƙauye da lamba wuri guda. Na biyu, haruffanmu. Duk inda ɗ, ƙ, ɓ ko ƴ suke sai suka koma alamar tambaya, Baƙo ya zama Ba?o. Maganin shi ne wajen adanawa a zaɓi CSV UTF-8. In za ku gwada, ku fara da sunan da ke da ƙugiya.

Mai shagon buga katuna, Kano:
Gaskiyarka. Bari in ƙara na ɓangaren bugu, tunda nan ake yawan kashe aiki mai kyau. Masu zane suna son matse lambar jikin rubutu ko su ɗora ta a kan kore mai duhu don ta dace da rigar makaranta. A bar mata farin fili kewaye, faɗin ɗigo huɗu na cikinta, baƙi a kan fari. A takaita rubutu kuma: mafi ƙanƙanta ɗigo 21 ce kowane gefe, babbar tana kai 177, kana ƙara adireshin gida da sunan uba tana ƙara cunkushewa, ƙaramar waya ta kasa karantawa. Kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan mota a masana'anta, shi ya sa take jure datti. Juriyar mataki huɗu ce, L, M, Q da H: L yana jure lalacewar kusan kashi 7, H kusan kashi 30. Katin da zai kwana aljihu da alawa, ni Q ko H nake sa masa. Leda mai sheƙi kuma tana mayar da hasken rana cikin kyamara.

Malamin jarrabawa, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi ta Word, suna da aji da lambar shiga kawai na sa. Na buga na aji ɗaya a takarda, na kai wa Baba maigadi ya gwada da tasa wayar mai fasasshen gilashi, a tsakar rana, duk ta karanta, har na yara biyu masu ɗ a sunansu. Shugaba ta yarda da batun hoto. Alhaji mai shago, in na turo PDF za ka iya bugawa a katin roba haka, ko sai na turo Excel ɗin ma?