Dan Allah wa ya san wanga ƙaramin sulke na Japan?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana yana harkar kayan gwanjo na Japan, kekuna da kekunan ɗinki da tarkacen gida, to cikin kayan da ya sauke watan jiya sai ga wani baƙin akwatin katako, da muka buɗe muka tarar da sulke cikakke amma ɗan ƙarami, da kwalkwalinshi mai ƙaho biyu masu ruwan zinari, da abin rufe fuska mai farin gashin baki, har da ɗan takobi da baka. In an ɗora shi bisa akwatin bai kai mani ƙugu ba. Jikinshi ƙananan falle-falle ne aka saƙe da jan zare, aikin wlh abin kallo ne, ina ganinshi na tuna 'yan sulke da 'yan lifida ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro. Yayana ya ce in ɗauka tunda ba wanda zai saya. Mene ne wanga abu? Na wasan yara ne ko ko na bauta ne, don Hajiyarmu ta ce kar a shigo mata da gunki gida. Sannan ƙahon ya dusashe, ina son in goge shi da Brasso in wanke zaren da omo, ya kuka gani?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, dan girman Allah ajiye Brasso ɗin nan da omon, zan dawo kansu.

Abin da ka samu kayan bikin yara maza ne da suke kira Tango no Sekku, ana yin shi 5 ga watan Mayu, kuma tun 1948 gwamnatin Japan ta mai da ranar hutun ƙasa da sunan Ranar Yara. Idan aka haifi ɗa namiji a gida sai a saya mashi irin wannan, a al'ada ma iyayen uwar yaron ne ke saye, kamar yadda dangin mai jego ke kawo kayan barka a nan. Duk shekara a fito da shi a jera a ɗaki wajen tsakiyar Afrilu, biki ya wuce a mai da shi akwati, shi ya sa akwatin ne kujerarshi. Manufar ita ce fatan yaro ya tashi lafiya da ƙarfi, yadda sulke ke tsare jikin mayaƙi haka suke fatan a tsare mashi ciwo da tsautsayi. Asalin abin daga gidajen samurai ne, mayaƙansu na da, a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, su sulken gaske da tutoci suke fitarwa, sai attajiran gari suka riƙa kwaikwayo da ƙanana. Bayan an rushe tsarin samurai, har aka hana yawo da takobi a 1876, al'adar ba ta mutu ba, sai ma ta bazu gidajen talakawa. Kuma ba na wasa ba ne, ba a ba yaro ya ja shi a ƙasa.

Maganar Hajiya kuwa, ka duba da kyau za ka ga babu mutum a ciki, sanda ce kawai ta katako aka rataya kayan a kai. Amma batun fuskar nan mai gashin baki ni ba zan yanke hukunci ba, ka kai wa malaminku ya gani da idonshi, ita fuskar ma ana cire ta daban.

Uwar Biyu:
Ikon Allah, ni abin tausayi ma ya ba ni. Wato wani kaka ya ƙirga kuɗinshi ya saya wa jikanshi, an yi shekaru ana fito da shi ana murna, yau ga shi cikin kwantena tare da tsofaffin kekuna har Katsina. Halan mai shi ya tsufa ko ya rasu 'ya'ya suka share gida. Ƙanena ka riƙe shi da mutunci dan Allah, ko don wannan.

Badauri:
Ni mahaifina gyaran kayan doki yake yi a Daura, tun ina ƙarami nake ganin yadda mutane ke kashe tsohon kaya da sunan gyara, mutum ya kawo likkafa ta kaka da kakanni ya ce a goge ta yi ƙyalli don hawan Magajiya, a goge, shi ke nan zanen da ke jiki ya tafi ba ya dawowa. Naka ma haka zai faru, ruwan zinarin da ke bisa ƙahon nan siriri ne ƙwarai, gugar farko za ka ga tagulla ta fito. Zaren kuma in na alharini ne tsoho, ruwa na taɓa shi jan zai zuba ya ɓata sauran, ko ya tsintsinke a hannunka, kuma kaf Najeriya ina za ka samu mai sake saƙa shi? Buroshi mai laushi kawai, a kaɗe ƙura a hankali, kar ka riƙa kama ƙarfen da hannu tsirara don zufa na barin tabo.

Abin da ya fi ba ni tsoro hunturunmu ne. Baƙin fentin nan in na asali ne danƙon wata itaciya ne da suke kira urushi, ba ya son rana kuma ba ya son bushewar iska, can ƙasarsu akwai laima, nan kuwa Disamba na yi katako ma tsagewa yake. Ka sa shi can ƙuryar ɗaki nesa da taga, cikin akwatinshi, ka riƙa dubawa saboda gara.

Malamin Tarihi:
Na manta da batun shekaru. Ba kowane irin wannan ne tsohon gaske ba, har gobe ana yin su a Kyoto da Tokyo da wani gari Iwatsuki da ya shahara da wannan sana'a. In ka ga roba a jiki to na bayan yaƙin duniya na biyu ne. Duba cikin akwatin ko akwai ɗan allon katako mai rubutu, sau da yawa sunan maƙerin ne, kar ka yar. In kuma da jarida aka naɗe kayan ka haska ta da fassarar waya, su da shekarun sarautar sarkinsu suke ƙirga, in ka ga Showa sai ka ƙara 1925 bisa lambar.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka maku da alheri, wlh da yau da safe zan goge shi, Allah ya sa na fara tambaya. Malam na duba, allon yana nan kuma akwai jarida ta yi ja a ƙasan akwatin, waya ta nuna mani Showa 43, kenan 1968, ko da yake na gane wannan lokacin da aka shimfiɗa jaridar ne, shi kanshi zai iya girme ta. Ban ga roba ba ko ɗaya. Na karanta wa Hajiya abin da Anti Uwar Biyu ta rubuta, ta yi shiru, ta ce a cire fuskar a naɗe ta daban har malam ya gani, sauran in kai ɗakin baya bisa kabad. Badauri dan Allah ka tambayar mani Baba, akwai zare ɗaya a kafaɗar hagu da ya riga ya tsinke, in ɗaure shi ko in bar shi haka?