Shin zaman Thoreau a bakin tafkin Walden dogaro da kai ne kuwa?

Ɗalibin Falsafa:
Assalamu alaikum. Malamai, ina nazarin rayuwar Henry David Thoreau, wanda ya gina ɗan ɗaki a bakin tafkin Walden a Amurka, ya zauna daga 1845 zuwa 1847. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, filin na abokinsa marubuci Emerson ne, garinsu Concord kuma bai kai tafiyar awa guda daga wurin ba. Ina dogaro da kai a nan?

Dattijon Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba gudun mutane ya yi ba, so ya yi ya gane iyakar abin da rai ke buƙata. Da gatarin aro ya sari itacen, ya sayi tsohuwar bukkar wani leburan layin dogo saboda katakonta, kuma kuɗin ginin gaba ɗaya bai kai dala 29 ba. Ya noma wake, ya kuma ce aikin kamar mako shida a shekara ya ishe shi riƙe kansa.

Uwar Ɗaki:
Baba, a gafarce ni, amma mutumin nan yakan leƙa gari bayan kwana ɗaya ko biyu, har ya ci abinci a gidansu. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwo gaya, shi ya sa ba zan haɗa shi da talakan da ba shi da wurin komawa ba.

Dattijon Gona:
Kin yi gaskiya, 'yata. Sai dai dogaro da kai da Emerson ya yi wa rubutu a 1841 ya fi shafar tunani: mutum ya bi abin da zuciyarsa ta tabbatar, ko da jama'a sun saɓa masa. Thoreau ya kwana guda a kurkuku a 1846 don ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta halatta bauta.